Ramuka a Gonar Citta

Ƙamshin busasshiyar citta ya cika falon tun kafin Tabitha ta gama yanke igiyar kwalin. Kwana biyu ke nan kwalin yana jingine a bayan ƙofa, mijinta Levi ya ce kada a taɓa, saƙon wani ne. Amma rubutun da ke jikinsa na yayanta Nahum ne, ta san yadda haruffansa ke karkacewa kamar za su kife, kuma shekara uku rabonta da cittar gida. Ɗan kaɗan za ta ɗiba na shayi, ta mayar ta ɗaure.

Ta cusa hannu har gwiwa. Yatsunta suka ci karo da wani abu mai tauri, a naɗe cikin tsumma. Da ta jawo shi sai ta ga ba tsumma ba ne, tsohon zanen Mama ne wanda wanki ya cinye wa launi. Ta zauna a ƙasa, ta warware shi a kan cinyarta. Sai ga fuska tana kallonta.

Kan mutum ne na gasasshen yumɓu, bai wuce girman gwanda ba. Idanunsa masu kusurwa uku ne, an huda tsakiyar kowanne, an huda hanci da kunnuwa. An tufke gashin ƙulli-ƙulli har shida, kowane ƙulli da sawun tsefe a jikinsa, siriri, a tsare, aikin wanda bai san gaggawa ba. Leɓen ƙasa ya ɗan saki, irin na mutumin da aka katse yana tsakiyar magana. A cikin kunnen hagu akwai busasshiyar jar ƙasa. Tabitha ta sa farce ta kankaro kaɗan, ta murza a tsakanin yatsu. Ta san wannan ƙasar. A kanta ta koyi tafiya.

A waje jirgin da ke bin dogo ɗaya ta sama ya ratsa unguwarsu ta Brickfields, tagogi suka yi rawa. Kiɗa na tasowa daga shagunan Indiyawa na ƙasan bene, gauraye da ƙamshin turare da na kori. Ba ta ji ko ɗaya ba. Shekara goma tana karatun abin da mutanen farko suka bari a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda suka rayu suka mutu kafin a san rubutu, kuma digiri na uku a kan wannan fannin shi ya kawo ta Kuala Lumpur. Ba ta buƙatar a gaya mata cewa abin da ke cinyarta aikin mutanen Nok ne, ko cewa ya haura shekara dubu biyu. Ta juya shi. A wuya, inda ya kamata jiki ya ci gaba, karaya ce sabuwa fil, da shatin bakin diga.

Makulli ya motsa a ƙofa. Levi ya shigo riƙe da ledar abincin da ya sayo daga shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, na kan kwana. Ya dubi kwalin, ya dubi cinyarta, ya tsaya cak.

"Na ce kada a taɓa."

"Daga ina?"

"Maman Lizi, bari in ajiye wannan tukuna."

"Daga wace gona, Levi?"

Ya ajiye ledar a kan tebur a hankali. Karatu ne ya kawo shi Malesiya kamar ita, ya bar shi a shekara ta biyu ya kama aika wayoyi da kwamfutoci zuwa Kaduna. Mutum ne mai sanyin murya, da wuya maƙwabta su ce sun taɓa jin faɗansa.

"Gonar Baba," in ji shi. "Ta bakin rafi."

"Wa ya tono?"

"Kin san wanda ya tono."

Ya jawo kujera ya zauna a gabanta, ya haɗa hannuwa. "Akwai wani mutum a unguwar Bukit Bintang, Adnan, yana da shagon kayan da. Ya ga hoto, ya yaba. Abu ɗaya ya rage. Yana son wanda ya san abin ya duba, ya sa hannu cewa na gaske ne. Da ma yau zan gaya miki."

"In sa hannu."

"Layi biyu ne kawai. Na gaske ne, kuma tun zamanin Turawa ya bar ƙasa a hannun wani iyali."

"Da ƙasar gonar ubana a kunnensa?"

"Za a wanke," in ji Levi.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta mayar da kan cikin zanen, ta naɗe shi kamar yadda ake naɗe jariri, ta shige ɗaki da shi.

*

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, bakinta ne ya fara. Shekara tara da suka wuce, tana aji biyu a jami'a, ta je hutu ƙauyensu da ke bayan Kwoi lokacin haƙar citta. Garmar Nahum ta tono wani guntun yumɓu mai yatsu uku. Da ma sun saba gani. Yara na jifar ƙadangaru da irinsu, tsofaffi na cewa kayan mutanen da ne, a bar su inda suke. Ita ce ta tsaya a tsakar gida, da ɗokin mai sabon ilimi, ta ce musu wannan guntun ya girmi coci, ya girmi masallaci, ya girmi sunan ƙauyen ma. Ta ce a ƙasashen Turawa a ɗaki mai sanyi ake ajiye irinsa, da mai gadi a ƙofa. Baba yana da rai a lokacin, ya yi dariya har da tari. Nahum bai yi dariya ba. Ya karɓi guntun, ya daɗe yana juya shi a hannu. Wannan labarin kuma shi ta ba Levi lokacin da yake neman aurenta, don ta burge shi.

Da la'asar ta kira Nahum, lokacin da gari ya waye sosai a gida.

"Yaya, ina kwana? Ya Mama? Ya yara?"

"Lafiya lau, Tabi. Ya karatu?" Daga muryarsa ta gane ya san dalilin kiran.

"Na ga saƙo."

Wani zakara ya yi cara a bayansa, sai ta ga tsakar gidan a idonta, rumbun acca, turmi a kife, igiyar shanya.

"Rami nawa ka tona?"

"Uku. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Daga gonar Baba har gangaren dutse kowa tono yake, har dattawan coci."

"Yaya, in ka cire shi daga inda yake kwance, ka kashe shi ke nan. Gawayin da ke gefensa, duwatsun, tukwanen, su ne za su gaya mana ko kabari ne, ko wurin bauta, ko su wa suka..."

"Su gaya wa wa?"

Bai jira amsarta ba.

"Tabi, saurare ni. Bara cuta ta shiga citta. A waya kika ji, ba ki gani ba. Ka tona, ka ciro ta ta koma kamar kunu, tana wari. Ko iri bai tsira ba. Wadda na cika kwalin da ita ma sayowa na yi, ni, ɗan Baba. Yarana huɗu. Ke gumakan nan sun ciyar da ke, sun ɗauke ki sun kai ki bangon duniya. Mu da muke kwana a kansu fa, me za mu ci?"

"Doka ta hana. In aka kama ka..."

"Wa zai zo ya kama ni? Motar da ta shigo ƙauyen nan bana ta masu saye ce kaɗai. Fasto ma ya ce gumaka ne, gara su bar mana ƙasa."

"Damina ce, Yaya. Ƙasar bakin rafi yashi ce daga ƙasa."

"Na fi ki sanin ƙasar." Sai ya sassauta murya. "Ki sa musu hannun, ƙanwata. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ya faɗa. Shekarar da Baba ya ce ɗaya ne cikinsu zai iya wuce sakandare, Nahum ne ya ce Tabi ta fi shi kai, ya saɓa fartanya ya fita. Bai sake tayar da zancen ba ko sau ɗaya.

*

Mutum ɗaya ta iya gaya wa. Bashira 'yar Kano ce, tana digiri na uku a fannin shari'a, tun makonsu na farko a jami'a suka saba. Suka zauna a wata rumfar abinci a unguwar Kampung Baru, tsoffin gidajen katako a gefensu, dogayen benaye na gilashi sun yi musu rumfa daga baya. Shinkafar Tabitha ta huce ba ta taɓa ba.

"Watan jiya muka je Lenggong, can arewacin Malesiya," in ji ta. "Akwai wani mutum da aka binne a kogo, shekara dubu goma da suka wuce. Hannunsa na hagu a naƙashe yake tun haihuwa, amma ya manyanta, ma'ana an kula da shi, an ciyar da shi. Da ya mutu suka lanƙwashe shi kamar ɗan tayi, suka jera masa kayan aikin dutse, da naman daji, da dodon koɗi na rafi. Duk wannan mun sani ne don an same shi yadda aka ajiye shi. Na ga 'yan makaranta a layi sun zo gaishe shi. Mutum ɗaya, Bashira. Mu namu da diga ake sare musu kai."

"Bar batun 'yan makaranta," in ji Bashira. "Ki ji abin da ke gabanki. In kika kai ƙara a nan, sunan mijinki ne a takardar kaya. Za a tsare shi ko a kore shi, a bar ki da Lizi. In kika kai a gida, yayanki za a ɗauka, ba mai saye ba."

"In na sa hannu fa?"

"Kin shiga cikinsu. Kuma wata mai zuwa wani kwalin zai iso."

Tabitha ta juya cokali a cikin shinkafar. "To in na ce na bogi ne?"

Bashira ta ɗago. "Na bogi ne?"

"A'a."

"To ita ma ƙarya ce."

"Ƙaryar da za ta rufe ramuka. In mai saye ya ja baya, Levi zai haƙura, Yaya zai daina tono. Sai in san yadda zan mayar da wannan kan zuwa gida."

"Allah ya sa," in ji Bashira. Amma ita ma ba ta koma kan abincinta ba.

*

Shagon Adnan yana hawa na uku a wani bene da ke bayan manyan kantunan Bukit Bintang, a saman wani gidan abinci na Larabawa. Babu allo a ƙofa, sai ƙararrawa. Ciki sanyi ne kamar asibiti. Kowane abu da fitilarsa: gatarin dutse mai santsi kamar sabulu, gangar tagulla da tsatsa ta mai da kore, wata 'yar mace ta yumɓu mai faɗin ƙugu wadda ba ta wuce tafin hannu ba, sarƙar haƙoran dabba, guntun bangon kogo da aka yanko da sawun tafin hannu a jikinsa cikin jar ƙasa. Tabitha ta bi 'yan takardun da ke gabansu da ido. Nahiya, da shekaru. Babu ko ɗaya da aka rubuta sunan ƙauyen da ya fito.

Adnan dattijo ne mai furfura a gefen kai, da tattausan lafazi. Ya zuba musu shayi da hannunsa, yana magana da Turanci a hankali.

"Daga Peru har bakin kogin Mekong abu ɗaya suke yi, Dakta. Suna tsoron mutuwa, sai su zauna su ƙera fuska. Ni ceton su nake yi. A nan babu gara, babu ruwan sama, babu yaƙi."

"Ban zama dakta ba tukuna," in ji Tabitha.

Aka ɗora kan a kan baƙin ƙyalle. Levi ya riga ya wanke shi da burushin haƙori, kunnen ya yi tas. Ta sa safar hannu, ta ɗauki madubin ƙara girma, ta fara bi a hankali kamar yadda aka koya mata. Ga tsakuwar da aka niƙa cikin yumɓun, ga inda wuta ta fi cin gefe ɗaya. Da ta leƙa cikin wuyan, inda maƙerin ya tallafe yumɓu daga ciki yana gyara kumatu daga waje, sai ta ga sawun babban yatsa. Ƙarami ne, bai kai nata ba. Wataƙila mace ce. Layukan fatar suna nan ɗaya bayan ɗaya, kamar jiya aka danna.

Ta ajiye madubin, ta cire safar.

"Sabon yi ne," ta ce. "Ana yinsu a wajenmu. A niƙa tsohon tsingaro a kwaɓa da yumɓu, a gasa, a binne damina ɗaya. An iya aikin, amma bai kai shekara biyar ba."

Kofin Levi ya buga faranti. "Tabitha," ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "me kike yi?"

Ba ta dube shi ba. Adnan kuwa ya dube su duka biyun, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da fuskarsa ta canja ba.

"Boleh," in ji shi, wato to a yaren ƙasar. "Ba komai. A bar shi a nan, zan aika ɗan gari daga jikinsa a auna, don kowa ya huta. Na gode da gaskiyarki, Madam." Ya raka su ƙofa, sannan ya dafa kafaɗar Levi. "Minti ɗaya, ɗan'uwa."

Ta jira a kan matakala, tana riƙe da ƙarfe. Ba ta yi tsammanin zai riƙe kan ba, kuma ta san abin da awo zai nuna. Amma awo na ɗaukar makonni. Kafin nan labari zai kai gida cewa mai saye ya ja baya, damina za ta yi nisa, ƙila a samu iri, ƙila Yaya ya koma gona. A ranta ta ɗauka ta sayi lokaci.

Suka koma gida a jirgi. Sai da suka hau bene Levi ya ce, yana neman makulli, "Kin kunyata ni a gaban mutum."

"Na cece ka ne."

Ya buɗe ƙofa ya shige.

*

Nahum ya daina ɗaukar wayarta. Ta ce a ranta fushi ne, zai huce. Ta miƙa fasfonta don sabunta biza, ta koma kan babi na huɗu na aikinta, tana kai Lizi makaranta da safe tana ɗauko ta da yamma. A gida magana tsakaninta da Levi ta tsaya a kan gishiri da makulli.

Kwana goma sha shida bayan zuwansu shagon, ranar Alhamis, tana ɗakin karatu da ƙarfe uku na rana, wayarta ta yi haske. Gwaggo ce, ƙanwar Baba, wadda ke zaune da su Mama a gida ɗaya. Gwaggo ba ta taɓa kiranta da kanta ba. Tabitha ta fita baranda, zafi ya buge ta.

"Tabi, ki yi ƙarfin hali, 'yata. Ki tsaya da kyau. Nahum ne."

Kwana uku ana ruwa ba tsayawa. Da ya ɗauke, da sassafe, Nahum ya sauka ramin bakin rafi. Bango ya rufto masa. Sai da maza goma suka yi awa biyu da shebur da hannu kafin su kai gare shi.

Ba ta san yadda ta isa Brickfields ba. Ta tarar da Levi zaune a ƙasa a falo, ya jingina da bango, wayarsa a gabansa. Ya riga ya ji. Idanunsa sun yi ja.

"Me ya mai da shi ramin?" ta ce. "Ka gaya masa mai saye ya fasa. Ba ka gaya masa ba?"

Levi ya shafa fuska. "Ranar nan da Adnan ya tsayar da ni, cewa ya yi tunda matarka ta ce ana ƙera na bogi a wajenku, ba zai sake karɓar komai ba sai ya ga bidiyon ana ciro shi daga ƙasa. Kuma cikakke yake so, kai da jiki."

"Sai ka gaya wa Yaya."

"Na gaya masa."

"Har da abin da na ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Har da shi."

"Kan fa?"

"Awo ya fito tun makon jiya. Na gaske ne. Ya tafi, wani ya saya a waje, ban san ƙasar ba."

"Tun makon jiya. Kuma ba ka kira shi ka ce ya fito daga ramin ba."

"Adnan ya ce har yanzu yana son cikakken."

Ya tura mata wayar a kan tayil. Abokin tonon Nahum ne ya turo bidiyon, shi ne ya riƙe waya daga sama. Ta so ta ƙi, yatsanta ya danna.

Ramin ya fi tsayin mutum biyu. Nahum yana ƙasa, ba riga, ruwa ya kai masa idon sawu, laka ta shafe masa rabin fuska. Ya rame fiye da yadda ta bar shi. A gefen bangon ya fafe wani lungu, kuma a cikin lungun, a hasken tocila, ana ganin kafaɗar yumɓu da jerin duwatsun wuya. Ya ɗago kai yana dariya, wannan dariyar tasa mai giɓi a gaba.

"Ɗauka da kyau," in ji shi. "A kai wa Tabi. Ta duba ta gani ko ni na ƙera shi."

Ya durƙusa, ya cusa kai da kafaɗu cikin lungun. Wata 'yar ƙasa ta zubo a bayansa, kaɗan, kamar an yayyafa gari. Daga nan hoton ya juya sama, gajimare, ciyawa, gajimare, da muryar mutum yana kiran suna.

Ta ajiye wayar.

"Da kin faɗi gaskiya ranar nan," in ji Levi, muryarsa na karyewa, "da..."

"Da ba ka sa shi ya aiko kwali ba tun farko."

Babu wanda ya ƙarasa. Ta shiga ɗaki ta zuba kayanta da na Lizi a jaka ɗaya, ta ɗauko yarinyar daga makaranta, suka wuce gidan Bashira. A hanya Lizi ta tambaye ta da Turanci ko hutu za su, ta ce e.

Washegari Mama ta karɓi waya. Ba ta yi kuka ba. Muryarta ta yi laushi kamar ta wadda ta daɗe tana zazzaɓi.

"Ya ce ke kika ce na ƙarya ne. Kwana biyu bai ci abinci ba. Ya ce ya yarda duk duniya ta kira shi maƙaryaci, amma ban da Tabi." Ta yi numfashi. "Na gaske ne, ko?"

"Na gaske ne, Mama."

"To," in ji Mama.

*

Fasfo bai fito ba. Ranar Asabar aka binne shi, ƙarfe goma na safe a gida, biyar na yamma a Kuala Lumpur. Tabitha ta zauna a bakin gadon Bashira da waya a hannu biyu, Bashira na gefenta ta riƙe mata gwiwa. Levi ya turo saƙo yana roƙon ya zo su kalla tare. Ba ta amsa ba.

Gwaggo ce ke riƙe da waya a can. A bayan gida aka yi kabarin, a filin da Baba yake kwance, tsakanin bishiyar ɗorawa da farkon gona. Hoton na tsayawa yana tafiya. Ta ga Mama a kan kujerar roba, hannuwanta a cinya. Ta ga matar Nahum, mata biyu sun tallafe ta. Ta ga yaran huɗu a jere bisa tsayi, an yi musu aski. Mata na waƙa, muryoyinsu na isowa a yayyanke. Fasto ya buɗe littafi, wani ya riƙe masa lema don an fara yayyafi.

Hannun Gwaggo ya gaji, wayar ta karkata. Akwatin ya fita daga hoton. Sai Tabitha ta hango, kamar taku goma daga kabarin, wani tsibin sabuwar jar ƙasa, da fallen kwanon rufi a shimfiɗe a gefensa, an danne kusurwoyinsa da duwatsu. Maza biyu na tsaye a wurin, sun harɗe hannu. Ba su zo inda ake addu'a ba.

"Gwaggo," ta ce. "Gwaggo, mene ne wancan a ƙarƙashin kwano?"

Fuskar Gwaggo ta cika wayar, kusa ƙwarai, ido ɗaya da rabin ɗankwali. Ta yi magana da raɗa.

"Nan aka fara tona kabarin jiya, kusa da babanku. Da aka kai ƙugu sai diga ta taɓa kayan mutanen da. Shi ne aka matsar da shi can." Ta waiga, ta dawo. "An ce a rufe a bari, sai an gama zaman makoki."

Ta mayar da wayar kan jama'a, amma ba ta daidaita ta sosai ba. A gefen hoton ana saukar da akwatin da igiya. A tsakiyarsa kuwa yayyafi ya ƙara ƙarfi yana buga kwanon, ɗaya daga cikin mazan ya sunkuya ya gyara dutsen da ya goce, don kada ruwa ya shiga.